Jan Farcen Mama Uju

Duk unguwar Rikkos babu wanda bai san Nkiruka mai manja ba, wadda muke kira Mama Uju. Tun tana amarya mijinta Livinus ya kawo ta Jos. Ranar da aka musanya mata jarka a tasha, aka bar mata mai tsami, ranar ta ɗauki wata ɗabi'a: duk abin da yake nata sai ta ɗiga masa jan farce. Jarka, bokiti, cokali, har tsintsiya. Da Livinus yana zama wuri ɗaya, da shi ma tuni an ɗiga masa a goshi.

Da bikin 'yarta Uju ya matso, sai madubi ya fara ba ta haushi. Sanyin Jos da ranar kasuwa sun ja mata layuka a goshi kamar kunyoyin gonar dankali. Sai ta ji labarin wata Josephine mai shagon gyaran fata a hanyar Naraguta. Wai a ɗebi jininki a hannu, a juya shi a inji har wani ruwa rawaya ya taso sama, a mayar miki da shi a fuska da 'yar siririyar allura, fata ta dawo ta budurwa.

Ta ja aminiyarta Abibat, telar da ke ɗinka ankon bikin. To, Abibat na da ciwon hanta, irin wanda ake ɗauka ta jini. Mama Uju kaɗai ta sani, don ita ke raka ta asibiti. Abibat na tsoron in magana ta fita, masu ɗinki su watse mata.

Josephine ta ɗebi jininsu, kowa da kwalbarta. Ta ɗauko biro za ta rubuta suna, biro ya ƙi.

"Bar shi, 'yata," in ji Mama Uju. "Ni ba a musanya mini kaya."

Ta zaro jan farce daga jaka, ta ɗiga a murfin kwalbarta, ta je ta kwanta. Aka shafa mata man da ke kashe zafi, ta lumshe ido. Josephine ta juya amsa waya. Ita kuwa Abibat, shekaru tana ganin aminiyarta na ɗige-ɗige har ta koya. Ta ga jan farce a tebur, ita ma ta ɗiga wa tata, don kada a samu kuskure.

Injin kuma kwalba biyu yake ɗauka, suna kallon juna. Josephine ta saka su, ya yi ta gurnani, ya tsaya.

"Mama, wacce ce taki?"

"Mai ja."

"Ai duka biyun ja ne."

Mama Uju ta buɗe ido. Abibat ta ƙame a kujera, hannu a baki. Bayan labule kuwa mata uku 'yan unguwarmu na jiran layi, irin waɗanda in suka ji abu da hantsi, kafin azahar ya isa garin Kuru.

"Ta dama ce taki, na tuna," in ji Josephine, tana zuƙe ruwan cikin sirinji.

"Daman wa? Abin da ya yi ta juyi kamar fanka?"

"Haba Mama, ruwa ne fa kawai. Kwanta."

In Mama Uju ta yi shiru, ƙila ciwon ya shiga jikinta. In ta faɗi dalili, ta tona asirin Abibat a gaban waɗancan kunnuwa. Ta dubi aminiyarta. Josephine ta dafe wa Mama Uju goshi da yatsu biyu. Tsinin allura ya taɓa fata.

Caraf Mama Uju ta cafke mata hannu.

"Wayyo Allah! Tsoro nake ji! Ba na so!"

"Ke da aka ɗebi jininki yanzu ko ƙifta ido ba ki yi ba?"

"Wancan hannu ne, wannan fuska!"

Ta diro daga gado, ta ƙwace sirinjin da kwalaben biyu, ta tuttule su a wurin wanke hannu, ta sakar musu famfo. Matan bayan labule suka kece da dariya, ɗaya har da buga cinya.

A bakin titi Abibat ta riƙo gefen zanenta, hawaye shaɓe-shaɓe. "Mama Uju, ni fa..."

"Rufe mini baki. Je ki gama mini ɗinki."

Haka ta je bikin da kunyoyinta cif, ta dai sauko da ɗaurin kai har gira. Daga baya Abibat ce da bakinta ta ba mu labarin, bayan ta gaji da ɓoyo, kuma masu ɗinki ba su je ko'ina ba. Amma suna ya riga ya kama, har yau Mama Allura muke ce wa Mama Uju. Jan farcen kuwa ta canza zuwa kore, kuma in Abibat ta shigo shagonta, cikin rigar mama take cusa shi.