Shekarar da 'yata ba ta yi fashin makaranta ba

A lokacin da abin nan ya faru ni malamar firamare ce a nan Kaduna, na kusa ajiye alli, kuma duk Unguwar Dosa an san ni da tsare gida. Yaran da na koyar wasu har sun tara gemu, amma idan suka hango ni a bakin titi sai ka ga suna gyara tsayuwa. Ban taɓa makara ba, ban taɓa manta jan birona a gida ba, kuma ina ji da kaina a kan haka fiye da yadda ya kamata. Na rubuto muku ne a kan wani abu da na yi wa 'yata ta fari, wanda na shekara kusan talatin ina ɗauka tarbiyya ce.

Ni 'yar Katsina ce, aure ne ya kawo ni Kaduna. A gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Haka na taso na ga mahaifiyata tana yi wa yayanmu, ni ma na ɗauka na riƙe gam. Ƙawayena malamai sun daɗe da ajiye wannan alkunya, har tsiya suke yi min wai na fi tsofaffi tsufa, ni kuwa ko a jikina. Idan zan kira ta sai in ce ke, ko in aiki ƙanwarta ta ce wa waccan ta zo. Ita kuma ta tashi tana ce min Malama kamar yadda 'yan unguwa ke faɗa, alhali ƙannenta huɗu Umma suke ce min. Allah ya sani ina son yarinyar nan har cikin raina. Idan ta yi ciwo ba na iya cin abinci, sai dai in ce wa mutane azumin nafila nake yi.

Ta girma ta zama ma'aikaciyar jinya, ta yi aure, suka zauna a Hayin Banki. Daga baya mijinta ya samu aiki a Ingila ya tafi, ita ma takardunta suka fito za ta bi shi. Da suka saki gidan hayarsu sai ta dawo wurinmu ta jira ranar tafiya, kuma zamanta ya zo daidai da dogon hutunmu na damina. Sati shida cur muna gida ɗaya, ba makaranta, ba asibiti. Allah ya ba ni dama a tafin hannu, ni kuma na ƙarar da ita a gindin turmi. Na daka mata yaji kala uku, na tankaɗe kuka, na shanya kuɓewa ina gudun hadari da ita, na ƙulla daddawa a leda bakwai saboda kar wari ya tona mata asiri a filin jirgi. Duk wannan a wurina magana ce, ina ganin ai ta ji. Takan jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna kusa da ni ta fara wata hira, ni kuma sai in ce mata ba haka ake ninke zani ba, ko in tuna mata cajar wayarta da ta bari a jone.

Ranar Asabar, saura kwana biyu ta tafi, tana kwashe takardunta daga tsohon akwatin babanta sai ta ci karo da katin sakamakonta na aji huɗu. A shekarar nan ni ce malamar ajinsu. Na so a sauya min aji a lokacin, hedimasta ya ce babu wanda zai ba, dole na haƙura. Sai na ga ta goge katin da gefen mayafinta ta saka a jakar hannu, wurin da fasfo yake. Na yi mata tsiya, na ce duk takardun da ta tara ta rasa abin da za ta kai wa Turawa sai katin da ta zo ta tara a aji, har da jan birona a lissafi. Ta yi dariya ta ce ba maki take kallo ba, in duba layin zuwa makaranta. Na duba na ga babu fashi ko na kwana ɗaya. Na ce ai wannan gado ta yi a wurina, na koma kan ɗaurin kayana.

A ranar ce ta roƙe ni in raka ta tashar jirgin ƙasa ta Rigasa ranar Litinin, daga can za ta wuce Abuja ta hau jirgin sama. Litinin ɗin kuwa ita ce ranar komawa makaranta. Na ce mata ta san ban taɓa fashin ranar farko ba, babanta da ƙannenta sun isa rakiya. Maigidana ya sa baki, ya ce makaranta ba za ta rushe ba don na yi rashin awa biyu, na ce shi ya yi ritaya shi ya sa yake ganin abin da sauƙi. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Na san idan na tsaya a tashar nan zan yi kuka a gaban jama'a, a kan 'yar fari, kuma ban san yadda ake yin haka ba. Da safiyar Litinin ta durƙusa a gabana ta nemi gafara. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ta riƙe salla, ta bi mijinta. Ta ɗan jima a durƙushe kamar tana jiran saura, ni kuwa na ɗauki jakata na ce zan makara.

Bayan an tashi daga taron safe na shiga sabon ajina na buɗe rajista. Ƙa'idata ce duk wanda na kira ya miƙe ya ce ga shi. Ina cikin kira, wajen tsakiyar shafi, sai na iske wata yarinya mai sunan 'yata. Na kira, wata 'yar siririya ta miƙe daga baya ta amsa da ƙarfinta. Wallahi sai biron ya tsaya a hannuna. Na tuna shekarar aji huɗu ita ce kaɗai a duniya da sunan nan yake fita daga bakina, kullum da safe, saboda rajista ba ta san alkunya ba. Ina kiransa da sauri, kaina a sunkuye, ko kallon inda take ba na yi. Na tuna wata safiya da 'yata ta tashi da zazzaɓi jikinta kamar garwashi, babanta ya ce ta kwanta, ta saka kayan makaranta tana kuka ta ce sai ta je. Ni kuma na shiga ofishin malamai ina cika baki wai 'yata ta gaji ƙwazona.

Ban san lokacin da na rufe rajistar ba. Na leƙa ajin maƙwabciyata na ce ta duba min yara, na fita ko izini ban nema ba, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara aiki. Na tari keke napep na ce Rigasa, tasha. An fara yayyafi, ga cunkoso tun daga Kawo, ga wata tirela ta tokare hanya wajen Bakin Ruwa. Ina ta ce wa direban ya yi sauri, shi kuma yana ce min Hajiya a yi haƙuri, ba fiffike gare shi ba. Duk hanyar ina maimaita sunan a zuciyata kamar mai haddar karatu. Da muka isa, mutane na ta fitowa daga tasha, 'yan rakiya ne suna komawa gida. Jirgi ya tashi.

A wurin ajiye motoci na tarar da maigidana. Ya kalle ni a jiƙe, da alli a hannun rigata, ya buɗe min mota na shiga. Sannan ya gaya min cewa har aka fara shiga jirgi tana waiwayen ƙofa. Ya ce a hanya ya tambaye ta zancen katin nan, ta ce masa a shekarar ce kawai take jin sunanta a bakina, shi ya sa ko ciwo ba ya hana ta zuwa, kuma ba ta taɓa jin haushina ba don ta san haka aka rene ni. Wannan rashin jin haushin shi ya fi ƙona min rai. Na yi kukan da nake gudu, a gaban masu sayar da gyaɗa da direbobi, kuma babu wanda ya ko kula.

Da muka dawo gida na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na danna wurin saƙon murya a waya. Sau huɗu ina farawa ina gogewa. A na biyar na kira sunanta cikakke, a hankali, ban ƙara komai ba, na tura. Sai washegari da hantsi, bayan ta sauka, amsa ta shigo. Kalma uku kawai ta faɗa: "Ga ni, Umma."

Yanzu shekara biyu ke nan. Muna waya duk Juma'a, ina kiran sunanta har ƙannenta na cewa na mayar da shi waƙa. Amma waya ba ta kamo hannu, kuma sati shidan nan da na ƙarar a kan kuka da daddawa ba za su dawo ba. Ba na zagin al'adarmu, iyayenmu sun yi ta da kyakkyawar niyya, kuma a zamaninsu 'ya'ya ba sa nisa, ko ba a faɗa ba suna gani a aikace har tsufa. Namu kuwa jirgi ke kwashe su. Ina kira ga iyaye, musamman 'yan'uwana malamai da muka saba gyara kuskure muka manta yabo: kada ku ɗauka yaro ya san abin da ke ranku don kuna dafa masa abinci. Idan ɗanku na fari yana kusa, ko a tsakar gida ne ko a unguwar gaba, ku kira shi da sunansa yau, tun yana iya tasowa ya zo ya ce ga shi.