Gwiwoyin Ilyasu

Shekara ashirin ke nan da rasuwar Yaya Mamman, kuma ban taɓa bukatar bakinsa kamar wannan makon ba. Wani mai neman 'yan ƙwallo ya zo daga Kwatano yana son tafiya da jikana Bashiru, ɗan baya ne a ƙungiyar ƙwallon makarantarsu, dogo har sai ya sunkuya a ƙofar zaure. Ubansa ya bar mini magana, ni kuwa na kasa zama wuri ɗaya.

Yayana dillalin shanu ne a Paraku. Bayan samun 'yanci, lokacin ana kiran ƙasarmu Dahome, shi yake horar da 'yan ƙwallon kwaleji da yamma ba tare da kowa ya sa shi ba. Yadda yake duba ɗan bijimi haka yake duba yaro: ya matsa gwiwa, ya sa shi ya juya da gudu, ya yi tsaki. Ra'ayinsa shi ne babban jiki yakan riga ƙafa girma, sai an jira.

Ƙattai biyu ya samu cikin 'yan baya. Sabi, ɗan nan Paraku, ƙarfi kawai, in ya taho kowa ya kauce. Ilyasu kuwa, ɗan Jugu da ke zaune gidan kawunsa, sanyi gare shi, amma yakan san inda ƙwallo za ta faɗi tun tana sama. A rumfunan kasuwar Arzeke an sha musu a kansu har shayi ya huce. Da wata ƙungiyar Kwatano ta zo neman ɗaya, Yaya ya miƙa Sabi. Ya fi ƙaunar Ilyasu, shi ya sa ya riƙe shi. "Bai nuna ba tukuna," in ji shi. "In suka ɗora masa kaya yanzu, gwiwar za ta tafi."

Sabi bai zama wani gwani ba, amma ya buga, ya ga Abijan, ya dawo yana ɗingishi da labarai. Kafin Ilyasu ya nuna, uban ya kira shi gida ya sa shi bin motar doya. Yaya bai sake ambaton sunansa a gabana ba.

Me zai ce yau da yara ke tafiya tun gemu bai fito ba? Na san zai durƙusa ya matsa gwiwar Bashiru. Idonsa na gada, ni ma ina ganin yaron bai nuna ba, kuma wannan ganin ne yake tsorata ni.

Jiya na hau mota zuwa Jugu, na sami Ilyasu a ƙofar gidansa, tsoho miƙaƙƙe. Na tambaye shi ko Yaya ya yi daidai.

Ya shafa ƙafarsa ya yi dariya. "Allah ya jiƙan Malam, bai yi ƙarya ba. Gwiwoyina ƙalau suke har yau, Alhaji. Ban dai yi komai da su ba."