Atiku Wa-Ya-Faɗa da Tsamiyar Sabis

Atiku ɗan Inna Asta, na rugar bayan Dauran, tun yana firamare ba a ba shi magana ya haɗiye. Ka ce masa an yi ruwa a Zurmi, sai ya ce, "Wa ya faɗa?" Sunan ya bi shi har babbar makaranta a Kaura, inda ya samu maganin ciwonsa: kwamfutar laburare, mai rumbun takardun bincike, kowacce da sunan marubucinta da shekararta.

Yana ajin ƙarshe, yana rubutu kan burtalin shanu, aka datse sabis ɗin waya saboda 'yan bindiga. Malaminsa kuwa ya rantse ba ya karɓar "an ce". Atiku ya koma gida, ya gano wata tsamiya da in ka kai ƙololuwarta sabis ɗin Nijar kan leƙo. Can yake lafewa, ya shiga rumbun laburaren da waya yana sauke takardu, kamar biri mai neman digiri.

Wata Laraba da hantsi 'yan sa-kai suka kewaye tsamiyar. Bafulatani bisa icce riƙe da waya, ai a wurinsu shari'a ta ƙare. Suka fizgo ƙafarsa, ya faɗo kan saiwa. Gora a gadon baya, gindin bindiga a baki. Da suka ga taswirar daji a wayar, Jaji shugabansu ya zare adda, ya ce infoman ɓarayi ne, a ɗaure shi.

Atiku ya tofar da haƙora da jini. "Baba Jaji, wa ya faɗa?"

"An ce."

"In za ka yanka ni, ba ni ko sunan mutumin in tafi da shi."

Jaji ya dubi Ladan yaronsa. Ladan ya ce bakin mai shayi ya ji. Aka jawo mai shayi, ya ce shi wallahi wurin Jaji ya ji.

Wani ya kasa riƙe dariya, kuma Jaji ba ya mai da adda kube a gaban dariya. Ya kai wa wayar sara tana hannun mai ita. Wayar ta rabe, yatsu biyu suka bi ta.

Da yatsu takwas Atiku ya buga bincikensa, malamin ya karɓa. Yanzu yana koyarwa a Sakajiki. In yara suka tambaye shi ko gaskiya ne an taɓa sararsa, sai ya ɗaga hannun ya ce, "Wannan dai ba 'an ce' ba ne."