Lado Marini da Kuɓewar Inna

A Dandamisa ta wancan zamani, in ka ce kana neman Lado sai a tambaye ka wanne, domin su uku ne. Amma in ka ce Lado mai baƙin hannu, kowa zai nuna maka hanyar karofi, can bayan gari inda ramukan rini suke. Tun daga yatsu har gwiwar hannu shuni ya riga ya zauna masa, ba sabulun da ke fitar da shi, na salo ko na kanti. Yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara tsoma hannu a rami tare da mahaifinsa. Lokacin da abin da za a ba da labarinsa ya faru kuwa ya ba hamsin baya, shekara huɗu ke nan da samun mulkin kai.

Mutum ne mai ƙyashin zubar da abu. Wasu na cewa rowa ce, amma duk wanda ya taɓa cin tuwo a zaurensa ba zai faɗi haka ba. Shi dai bai yarda akwai abin da ya gama aikinsa a duniya ba. Ganyen baban da yake rini da shi a gefen gonarsa ta dawa yake shukawa. Tokar da ake haɗawa matan unguwa ke tara masa daga murhu, shi kuma ya tsoma musu zannuwansu da suka koɗe in salla ta matso. Idan rami ya mutu, ya daina kama tufa, sai ya kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, ya dunƙula, ya shanya, ya ƙone, a yi laso a shafe rufin soro. Rigarsa ta fita unguwa ɗaya ce tal, saƙar hannu, tun ta aurensa. Duk bayan shekara biyu ya mayar da ita rami, ya kai wa masu bugun tufa, ta fito tana ɗaukar ido. Abokansa kan yi masa tsiya wai rigar ta fi matarsa Rahmatu samun kulawa, ita ma Rahmatu ba ta taɓa musa musu ba.

Ruwan da ya rage a mataccen rami ma yana da mai shi, wato yayarsa Asibi. Ita ta goya shi, don uwarsu ta rasu yana da shekara huɗu. Ta yi aure a Nasarawan Doya, mijin ya rasu, 'ya'yan ba su tsaya ba, ta dawo gidan ubansu da tabarmarta da 'yan ƙorenta. Zaman banza ba ya cikin jininta, sai ta kama wani ɗan fili da ke gangare, tsakanin karofi da rafi, ta mayar da shi lambu. Lado ya haƙa mata siririyar kwata daga bakin ramukansa. Duk sa'ad da ya kwashe rami, ruwan da ruɓaɓɓen ganyen su gangara, ta sirka da ruwan rafi ta ba shukarta. Alayyafonta da yakuwarta har daga Makarfi ake zuwa nema. Shekara goma sha biyar suna haka, shi yana zubarwa, ita tana tarewa.

Amma abin da Asibi ta ɗauka da girma a lambun nan kuɓewa ce. Wata gajeruwa ce mai kauri, mai jan wuya, wadda uwarsu ta zo da irinta a ƙulle a bakin zane daga ƙauyensu na wajen Ikara ranar da aka kawo ta. Ba yauƙinta kaɗai ba, tana da wani ɗan garɗi da ke tsayawa a maƙogwaro bayan an haɗiye. Kuɓewar Inna suke ce mata. Lado bai iya tuna fuskar uwarsa, ko muryarta. Miyar nan kawai ya sani, kuma duk ranar da Asibi ta yi ta, ba ya son a yi masa magana sai ya suɗe kwano.

Kowace shekara Asibi kan bar 'ya'yan da suka fi kyau su ƙosa a jikin uwa, ta ɗaure su ta rataya saman murhu don hayaƙi ya kore ƙwari. A daminar waccan shekara jinkar ɗakin girkinta ta yi yoyo, irin ya jiƙe ya yi fumfuna, ɓeraye suka ƙarasa sauran. Abin da ta tsira da shi bai cika tafin hannu ba. Da rani ya kama ta shuka shi duka, ƙwaya ɗaya ba ta rage ba, a fangalin da ke bakin kwata inda ƙasa ta fi ƙarfi.

"Ka ga wannan, Lado," ta ce masa ranar, tana nuni da sandarta. "Ita ke nan a duniya. Bana ba mai shan miyarta, ko kai. Iri za ta zama."

"Allah ya raya, Yaya," ya ce.

To, a daidai lokacin duniya ta fara sauri. Motocin kaya suna sauke atamfa a kasuwar Makarfi, 'yan mata ba sa ko kallon baƙin zane. Masu kawo rini kuma sun koyi gaggawa. Rami kuwa ba ya jin gaggawa: in ka haɗa, sai ka yi mako kana motsawa da muciya safe da yamma kafin ya nuna. Wani marinin Makarfi mai suna Tanko, wanda suka yi ƙuruciya tare da Lado, ya daina wannan wahala. Ya samo wani shuɗin gari na kanti, da wata farar hoda da ake kira soda, yana haɗawa a rabin duro da safe, kafin azahar tufafi na kan igiya.

"Kai dai ka zauna kana ta gadin rami kamar mai jego," in ji Tanko, ranar da suka haɗu a kasuwa. "Zamani ya wuce nan, mutumina."

Lado ya yi dariya ya wuce, amma maganar ta bi shi gida. Da babbar salla ta matso, Mamuda dillali, wanda shekara ashirin yana kawo masa aiki, ya zo ya kwashe rigunan da ya ajiye, ya ce masu kaya ba za su iya jira ba, Makarfi zai kai. A gaban sauran marina ya ɗora su a jaki. Wannan ce ta ci wa Lado rai, domin duk haƙurinsa yana da zuciya, ba ya son a ce wani ya fi shi a sana'ar ubansa. Kasuwa ta gaba ya dawo daga wurin Tanko da ƙunshin shuɗin gari da na soda a aljihu da rabin duro a bayan keken aro, bai gaya wa kowa ba.

Abin ya yi, ba ƙarya. Kafin rana ta take, launi ya kama. Marini kuwa yana da wata al'ada, ba ya tsoma tufa sai ya dangwali ruwan ya sa a harshe, a nan yake gane ko toka ta yi yawa ko ta yi kaɗan. Hannun Lado ya yi abin da ya saba tun kafin kansa ya yi tunani. Wuni ya yi yana tofar da yawu, leɓensa ya kumbura, Rahmatu tana ta dariya tana tambayarsa ko zuma ya je sata. A nan ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi nazari. Lado mai hankali ne, amma idonsa na kan rigunan salla.

Kwana uku yana rini a duron nan. A rana ta huɗu ruwan ya mutu. Bayan la'asar ya tuntsurar da shi a kwata, kamar yadda ya yi wa kowane mataccen ruwa tun da aka haƙa ta. Har da ɗan jin daɗi a ransa, wai Yaya ta samu ƙari a tsakiyar rani.

Da safe yana zaure yana shan koko sai ga Asibi, ba ko sallama. Ya ajiye ludayi zai durƙusa ya gaishe ta, ta ce, "Bari. Zo ka gani."

Ya bi ta a baya har gangare. Kuɓewar da jiya take tsaye har gwiwa, ta soma fure, duk ta kwanta kamar an kwara mata tafasasshen ruwa. Tanoni sun fito saman ƙasa sun mutu. Fangalin ya yi wani fari-fari a gefe, yana wari irin wanda hanci bai sani ba. Asibi ta riga ta yi ta ɗibar ruwan rafi tana kwarawa tun da gari ya waye, zanenta sharkaf, amma aikin gama ya gama.

"Me ka zubo mini?"

Ya gaya mata duka, kansa a ƙasa.

"Ka ɗanɗana shi?"

"Na ɗanɗana, Yaya."

"Ya ka ji?"

"Ya ƙone mini baki."

Ta dube shi, ta dubi leɓen da bai gama sacewa ba. "Kai da za ka iya tofarwa ke nan, balle shuka," ta ce. Ta ɗauki fartanya ta ja ƙasa ta toshe bakin kwatar, ta daddanna da ƙafa. Da ta ɗauki sandar nan ta rufe shi da duka kamar yadda take yi yana yaro, da ya fi masa sauƙi. Ƙato da shi, mai furfura a gemu, ya tsuguna a bakin fangali ya yi kuka.

Sauran garin da sodar suka zame masa alaƙaƙai. Ya rasa inda zai kai su: in ya binne, ƙasa ce, in ya zuba a rafi, shanun Fulani na sha. Karo na farko ke nan a rayuwarsa da ya riƙe abin da ba shi da aiki na biyu, abin ya ba shi tsoro. A ƙarshe ya mayar wa Tanko kayansa, ya ce ya gode. Ya koma ramukansa da muciyarsa, bai sake barinsu ba har ƙarfinsa ya ƙare. Manyan ayyuka suka tafi Makarfi ba su dawo ba. Shi aka bar wa tsofaffin riguna da koɗaɗɗun zannuwa, yana sabunta su, gidansa bai taɓa kwana da yunwa ba, bai kuma yi arziki ba.

Ƙasar fangalin ya kwashe ta da kansa har zurfin kamu biyu, ya yi ta jigilar taki da sabuwar ƙasa a mangala. Wannan mai sauƙi ce. Iri ne babu.

Ya shiga nema. Ya je ƙauyen uwarsu na wajen Ikara, ya tarar tsofaffin da suka san ta sun ƙare, jikokinsu auduga da gyaɗa suka sa a gaba. Ya bi kasuwanni yana tsugunawa gaban tsofaffi mata masu kayan miya, yana kwatanta musu gajeruwa mai jan wuya. Maza suna ta yi masa dariya, wai marini ya koma tallan kuɓewa. Ko a jikinsa. Duk abin da ya samo ya kawo wa Asibi, ta zuba a tafin hannu, ta jujjuya da yatsa, ta girgiza kai ta miƙa masa abinsa. Gaisuwa ba ta yanke tsakaninsu ba, tuwonta kuma bai daina zuwa zaurensa ba, amma hirar nan tasu ta yamma a bakin lambu ta mutu. Wannan ya fi komai damunsa.

Damina biyu ta wuce a haka. A ta uku, a wani ɗan ƙauye gaba da Kudan, wata tsohuwa mai suna Talatu ta saurare shi har ya gama, ta ce kakarta ma daga wajen Ikara take. Ta shiga ɗaki ta ciro masa busassun 'ya'ya uku da suka yi baƙi da hayaƙi. A ƙafa ya dawo, hannunsa dafe da aljihu tun daga can har gida.

Asibi ta fasa ɗaya, ta daɗe tana kallon ƙwayoyin. Lokacin idonta ya fara rauni, bayanta ya ranƙwafa. Wannan karon ba ta girgiza kai ba. Washegari ta shuka su. Suka tsiro, suka yi fure, suka zuba 'ya'ya gajeru masu kauri da jan wuya. Lado kullum sai ya leƙo daga karofi ya ƙirga su da ido.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta shigo zaurensa da kanta, riƙe da akushin tuwon dawa da kwanon miya. Ba ta juya ta tafi ba kamar kullum. Ta nemi gefen tabarma ta zauna da ƙyar, ta miƙe ƙafa.

"Ci, Lado," ta ce. "Ita ce. Allah ya mayar mana da abinmu."

Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya gutsuri loma ya dangwala. Yauƙi ya yi, daɗi ya yi. Ya haɗiye, ya jira garɗin nan a maƙogwaro, bai zo ba. Ya sake kai loma, shiru. Ba ita ba ce. Kuma Asibi da ta shekara hamsin tana dafa ta, wadda ba ta sauke tukunya sai ta ɗanɗana, ta riga shi sani tun a murhu. Ya ɗago ya dube ta. Tana kallonsa da raunanan idanunta, tana jira, duk tausayinsa ya cika mata fuska.

"Ita ce, Yaya," ya ce.

"To ƙara," ta ce, ta turo masa kwanon. "Akwai saura a tukunya."