Kwano Ɗaya da Uwar Mijina

Ku matso kusa ku ji yadda aka yi na ci abinci kwano ɗaya da uwar mijina, ni da na shekara goma sha tara a gidansu na Zango ban taɓa kai loma baki a gabanta ba. Haka aka rene mu, tsakaninka da suruka sai kunya.

An shiga shekarar dubu biyu da kaɗan mantuwa ta kama Hajiya, uwar mijin nawa. Ta fara da ajiye carbi cikin tukunya, har ta kai ba ta gane 'ya'yan cikinta. Maigida ya goya ta a mobilet, ƙaramin babur ɗinsa, zuwa asibiti. Likita ya ce ciwon tsufa ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma kada a bar ta a ɗaki ita kaɗai. Babban tashin hankalinmu shi ne ta daina cin abinci. In na ajiye mata tuwo na fita kamar yadda na saba, haka zan dawo in tarar da shi ƙudaje na bi. Duk ta rame, sai idanu.

Wata rana da hantsi na dawo daga kasuwar Sankaryare, na dafa benga, wato wake da shinkafa, na durƙusa na ajiye mata. Zan tashi sai ta riƙe mini zane, ta kira ni da sunan taubashiyarta, 'yar kawunta da ta rasu tun kafin a kawo ni gidan.

Ta ce, "Ke kuyangata, guba kika zuba ne da ba za ki ci ba?"

Na ji kamar in nutse. Na leƙa tsakar gida, ba kowa sai kaji. Na wanke hannu na zauna, na amsa mata kamar taubashiyar na ce, "Tsohuwa mai rowa, matsa mini." Ta yi dariya har haƙorinta na Makka ya bayyana. Ta ture hannuna daga wajen da mai ya taru, ta cinye fiye da rabi don kada in riga ta.

Shekara uku muka yi a haka, kullum sai mun yi faɗa a kan ƙanzo. Ta murmure, har tana taya ni tsintar wake a gindin darbejiya. Ƙanwar maigida da ke aure a unguwar Dasasgo ta ce ban kyauta ba, na zubar da kunya, kuma ƙarya nake wa dattijuwa. Ban yi musu da ita ba, har yau nakan juya maganar a raina. Ni dai na san Hajiya ta koma ga Allah da ƙoshinta. Ku fa, tsakanina da ƙanwar maigidan, wa kuke ganin ya fi gaskiya?