Turancin da Na Koya a Waya Ya Kusa Raba 'Yata da Ubanta

A lokacin da abin nan ya faru ina matar aure mai 'ya'ya uku a Arawa, cikin Gombe, ina ɗinkin kayan mata a gida. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ban taɓa damuwa ba sai da 'yar farina ta shiga sakandare ta fara zuwa da aikin gida. In ta tambaye ni wata kalma sai in ce ta jira babanta, raina kuwa yana ƙuna. Ni mace ce mai zuciya, ba na son a ce ga abin da ya fi ƙarfina. Shi ya sa da wata mai kawo mini ɗinki ta nuna mini wani malami da ke koyar da Turanci a waya, na karɓe shi hannu bibbiyu.

Yadda yake koyarwa shi ne ya yanko guntu daga wani wasan kwaikwayo na Turawa, ya ciro kalmomin ciki ya fassara da Hausa, sannan ya ce kowa ya maimaita maganar da ƙarfi kamar shi ne a wasan. Wasan kuwa na wani gida ne da kullum ake tonon silili, yau cin amana, gobe kotu. Sai ga ni na san yadda ake cewa saki da gado da Turanci, alhali ban san sunan almakashin da ke hannuna ba. Malamin ya kuma ba da dabara, wai a cire sunayen Turawan a sa na mutanen gida, kalma ta fi zama a ka.

Kowa ya san a wajenmu mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na ɗan fari. Tun da na haifi yarinyar nan sai dai in ce ke, ko in ce waccan. Amma a wautata gani nake Turanci kamar rigar aro ce, in na sa ba ni ba ce. Wata rana da hantsi ina kan keken ɗinki ni kaɗai, darasi ya zo kan matar da ke shaida wa mijinta cewa yarinyar da yake kira 'yarsa ba tasa ba ce. Na sa sunan maigidana, na sa na 'yata, na yi ta maimaitawa har da rawar murya irin ta baturiyar, ina jin daɗi harshena ya fara karyewa. Ashe an sallamo su daga makaranta da wuri, tana tsaye a bakin ƙofa.

Daga nan yarinya ta canza. Ta daina cin abinci kwano ɗaya da ƙannenta, ta daina tarar babanta in ya dawo, in ya tsokane ta sai ta sunkuyar da kai. Ta rame. Ni kuwa na ce girma ne ya zo, har kemis na kai ta aka ba ta maganin shawara. Haka muka cinye zangon karatu. Sai wata Juma'a surukata ta aiko daga unguwar Barunde wai in zo yanzun nan. Na tarar da maigidana zaune fuska a murtuke, yarinyar a bayan kakarta. Tsohuwar ta ce jikarta ta zo ta durƙusa tana roƙon a gaya mata ubanta na gaskiya, don daga bakina ta ji cewa ita ba 'yar maigidana ba ce. Salati kawai nake yi, ban ma gane inda aka dosa ba, sai da yarinyar ta maimaita maganar nan da Turanci tiryan-tiryan, har da wurin da muryata ta yi rawa.

Nan take na buɗe waya na nuna musu darasin. Maigidana ya kalla, ya yi ajiyar zuciya, ya ce Allah ya shirye ni. Surukata ta yi mini tatas, kuma na cancanta. Yarinyar kuwa ba ta yi kuka ba, ba ta yi dariya ba. A hankali ta ce da farko ta so ta ɗauka wasa ne, amma tun da take ba ta taɓa jin na kira sunanta ba, shi ne ta ce a ranta abin da zai sa in kira shi ba ƙarami ba ne.

Ban daina koyon Turanci ba, ilimi bai yi mini laifi ba. Amma 'yan'uwana mata, ku dubi abin da kuke maimaitawa kafin ku buɗe baki, kada kuma ku sa sunan naku a cikin rikicin gidan wasu. Harshen da kike ganin ba mai ji, ɗanki ya fi ki jin sa. 'Yata ta yafe mini, ita da babanta sun koma kamar da. Abin da na kasa yafe wa kaina shi ne, ranar da ta fara jin sunanta a bakin uwarta, cewa aka yi ba ta da uba.