Rimok Biyu a Hawan Boali

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ni mutum ne da idan ya kulle gida sai ya dawo daga bakin titi ya taɓa kwaɗo, ya tafi, ya sake dawowa. Mai irin wannan hali tsoron takarda yake ji, don abin da aka rubuta ya fita hannu ke nan. Amma yanzu dangi sun fara maganar raba gadon yayana, wasu kuma suna cewa a bayan idona wai ni na bar shi a hanya. To, zan faɗi yadda aka yi, wanda zai ji haushi ya ji.

A unguwar Kilomita Biyar ta Bangui aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakanmu ne ya zo Bangui daga arewacin Najeriya da fataucin goro. Sana'ata ɗaukar kaya da a-kori-kura, buhunan albasa da garin rogo daga kasuwa zuwa shaguna. Yaya ma yana da tasa motar, ta girmi tawa, yana dakon katako da kwanon rufi.

Da gari ya rikice, unguwarmu ta zama keji. Unguwar Miskine da muke zuwa gaisuwa da ƙafa ta gagare mu takawa. Masu adduna suna tsaye a kowace mashiga suna cewa mu koma ƙasarmu, ni kuwa ban san wata ƙasa ba. Sai aka fara fita da mutane zuwa iyakar Kamaru cikin ayarin motoci, sojoji a gaba, sojoji a baya. Doka ɗaya kowa ya haddace: ayari ba ya tsayawa saboda motar da ta lalace. Wanda ya tsaya, shi da dajin ne da mutanen da ke cikinsa.

Ban yi niyyar tafiya ba. Inna ce ta tilasta ni ba tare da ta ce uffan ba. Ɓarin jikinta ya shanye tun kafin rikicin, maganinta ya ƙare, asibiti kuma yana can inda ba ma iya zuwa. Na ce wa kowa kai ta zan yi da iyalina in dawo, aka yi ta yi mini dariya. Matsalar ita ce Inna ba ta iya zama, sai kwanciya. Bayan motata a buɗe yake, ga rana, ga duwatsun da ake jifan ayari da su, ga matata da yara da jarkokin ruwa. Dole in samo abin da mota za ta ja, wanda mu a nan muke kira rimok.

Akwai wani mai tara tsofaffin ƙarafa a gefen unguwar Yakité, Musulmi ne amma bakinsa ya fi sabawa da yaren Sango. Muka je ni da Yaya. Rimok biyu ne suka rage masa. Ɗaya dogo, a buɗe, na ɗaukar katako. Ɗayan ɗan ƙarami ne mai rufi da taga da ƙofa a baya, da wani dakalin katako a ciki da zai ɗauki katifa. Mai ƙarafan ya ce na wasu Turawa mafarauta ne da suke kwana a ciki.

Yaya ya leƙa cikin ƙaramin ya fito yana kaɗe hula. “Wannan ai akurkin kaji ne. Ƙanina, a nan za ka sa mahaifiyarmu?”

“A nan, Yaya, idan ya yi daidai da motata.”

“Dubi wancan. Kwanon rufinka, ƙofofinka, gadonka, duk za su hau. Ko ka fi so ɓarayi su kwashe?”

A lokacin duk mai tafiya sai ya kware rufin gidansa, ya ciro ƙofofi da tagogi ya ɗora, don kada masu wawashe kaya su amfana, kuma ya samu abin fara sabon gini a can. Idan ka ga gida ba rufi, ka san mai shi ya yi ban kwana da Bangui. Na ce wa Yaya ko ƙusa ɗaya ba zan cire ba. Gidan ubana ne, da rufinsa zan same shi ko in same shi toka, amma ba da hannuna zan tsiraita shi ba.

Mai ƙarafa ya ce, “Patron, babban ya fi riba, kowa shi yake tambaya.”

Ban saurare shi ba. Na kwanta a ƙasa na shiga ƙarƙashin dogon. Ƙarfe ne mai nauyin gaske, ko babu kaya mutum ɗaya ba ya ɗaga bakinsa. Tayoyinsa kuma na wata ƙaramar motar roka ne, ba irin namu ba. Na tambayi safayarsa, ya ce babu, amma tayoyin suna da rai. Na koma kan ƙaramin. Na ɗaga bakinsa da hannu biyu, ya ɗagu. Na kwance safayar motata, na cire tayarsa ɗaya, na gwada. Ramukan suka hau daidai, notuna suka shiga. Na cire, na sake sawa, don ban yarda da idona ba a karon farko.

“Ga shi nan ya fara,” in ji Yaya. “Malam wasiwasi. Wannan ko alwala yake yi sai buta ta ƙare. Idan an busa ƙaho yana nan yana duba noti.”

“A bar ni in duba, Yaya. Ba kai za ka ja ba.”

“To ni zan ja wancan, ka gani.”

Haka aka yi. Ni na ɗauki ƙaramin, shi ya ɗauki dogon, rabi don kwanonsa, rabi don ya nuna mini.

Ban kwantar da hankali ba. Ina ta tunanin hawan da ke bayan garin Boali a hanyar iyaka, inda ko manyan motoci suke nishi. Na loda buhunan yashi a cikin rimok da bayan mota, gwargwadon nauyin mutanena da kayanmu, na fara kai da kawo a titin Koudoukou, daga masallaci zuwa inda unguwa ta ƙare, don nan ne kaɗai hanyar da ta rage mana. Ina taka birki ina saurare. Ina tsayawa in taɓa tayoyi in ji ko sun yi zafi. Daga baya na roƙi wani maƙwabcina ya tuƙa, ni na kwanta a kan dakalin da kwanon ruwa a ƙirjina, don in san irin girgizar da Inna za ta sha. Ruwan ya jiƙa ni sharkaf. Na rage iskar tayoyin, na ninka katifa, muka sake.

Masu shayi a bakin titi suka samu abin kallo. “Alhaji, an iso Kamaru ne?” “A gaishe mana da kajin!” Wani ya ce ana harbi a gari, ni ina wasan yara. Na leƙo ta taga da rigata a jiƙe na ce masa uwata ce za ta kwanta a nan, idan tasa ce ya sa ta a kan kwano. 

Sai maganar mahaɗi, inda rimok ke kama mota. Nawa wani ƙarfe ne kamar turke, ana zura shi ana zarewa da hannu. Yaya ya zo ya tsaya a kaina ya ce, “Ka san abin da suke yi a shingayen hanya? Ayari na rage gudu, sai su zare wannan abin su tura rimok cikin daji. Kana tuƙi, Inna tana hannunsu.”

Wannan magana ta shige ni. Gaskiya ya faɗa, an yi wa wasu haka. Shi maganin da ya yi, ya kira mai walda ya narka mahaɗin da jikin motarsa, rimok da mota suka zama abu ɗaya. Ya ce in kawo tawa a yi mata. Na kai motar har ƙofar mai walda, na tsaya, na juya. Na sake komawa, na sake juyawa. Abin da ya hana ni shi ne, idan abin ya lalace a daji, da me zan raba su? A ƙarshe na sa aka huda ƙasan turken, na zura kwaɗo mai kauri, na ƙara sarƙa, na rataya makullin a wuyana. Na roƙi Yaya ya sa a yanke waldar a yi masa irin nawa.

“Ɓarawo da guduma ɗaya zai fasa kwaɗonka,” ya ce. “Ka kula da akurkinka, ka bar ni da nawa.”

Muka fita da hantsi. Inna tana kwance a cikin rimok, matata a gefenta tana riƙe da kanta, yara a bayan mota ƙarƙashin tamfol. Yaya yana gabana, matarsa da 'ya'yansa a motar, kwano da ƙofofi sun yi tsiri a bayansa. A bakin gari aka yi mana ihu, aka yi jifa. Dutse ya faɗi a rufin rimok, na ji ƙararsa har cikin haƙorana, amma rufin ya riƙe. A shingen farko na ga wani ta madubi ya sunkuya ya ja turken, ya ga kwaɗo, ya tofa yawu ya matsa.

A tsakiyar hawan bayan Boali tayar rimok ɗin Yaya ta fashe. Dogon ya kwanta gefe, ya fizgi motar zuwa bakin rami, kwano ya zube a hanya. Na san dokar ayari kamar kowa. Na tsaya. Motocin baya suna ta oda suna kewaye mu. Na sauko da safayata a guje duk da na san amsar, na kara ta, ramukan ba su hau ba.

“Yaya, a raba su! Motar lafiya take!”

Ya dube ni. Ni ma na tuna da waldar. Muka ɗauki guduma muna dukan waldar bi da bi, ko gezau ba ta yi ba. Mai waldar ya iya aikinsa. Daga cikin daji muka fara jin fito, wani yana amsa wa wani. Wani soja a motar da ke wucewa ya daka mana tsawa da Faransanci cewa mu tafi.

Yaya ya ɗauko 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ya jefa a bayan motata, ya tura matarsa cikin rimok wajen Inna. Ni kuma na sauke buhun shinkafa da tukwanen matata na zubar, don na san iya abin da motar za ta hau da shi. Na ce masa akwai wurinsa a gaba kusa da ni.

“In bar motar in ci me a Kamaru? Sojojin baya suna da kayan aiki, za su yanke mini. Tafi.”

“Yaya, don Allah, don Annabi.”

Inna ta ji muryoyinmu. Ba ta kiran sunansa, shi ne ɗanta na fari. Ta ce, “Babba, lafiya?”

Ya sa kansa ta taga. “Taya ce kawai, Inna. Ina bayanku.”

Na kama rigarsa ina ja. Ya buge hannuna ya ce, “Ni ne babba ko kai? Ka kwashe rayuka cike da mota kana tsaye kana ja mini riga. Wuce da su!”

Na shiga na tayar. Tashi a tsakiyar hawa da kaya ba wasa ba ne, motar ta yi kuka, kulocin ya yi wari, amma ta ja, don abin da ke bayanta ba shi da nauyi. A madubi na ga Yaya durƙushe yana dukan mahaɗin. Sai kwana ta raba mu.

Mun isa iyaka, babu wanda ya ƙwarzane a cikinmu. Inna ta samu magani, ta ƙara ganin damina kafin Allah ya karɓi abinsa. Na tsaya a bakin shingen iyaka ina tarar motocin ƙarshe ina tambaya. Wani direba ya ce ya ga motar Yaya ba kowa a ciki. Wata mata ta ce kamar ta ga an jawo mutum mai farar riga zuwa kan babbar mota. Wani ya ce shi bai kalli gefen hanya ba, kuma ban zarge shi ba. Na bi sansanonin da aka sauke mutane, na leƙa rumfa rumfa. Da hanya ta ɗan lafa na dawo Kilomita Biyar kamar yadda na ce, a hanya na tsaya a hawan, ban samu ko guntun ƙarfe ba.

Masu cewa na bar shi, ban ga ɗayansu ya taka birki a hawan nan ba. Da an mayar da ni wurin, ƙaramin zan sake zaɓa, zan sake tsayawa, zan kuma sake tafiya da mutanen da ya damƙa mini. Gado kuwa ba za a raba shi da yardata ba. Ban ga gawa ba, ban ji daga wanda ya gani ba, kuma ni ba na rufe magana a kan ji-ta-ji-ta. 'Ya'yansa suna gidana suna ci suna karatu.

Abin da nake roƙo a wajen mai karatu shi ne: idan kana cikin motocin ƙarshe na wani ayari da ya wuce hawan bayan Boali, ka ga farar a-kori-kura da dogon rimok a kwance da kwanon rufi zube a hanya, ka tuna abin da idonka ya gani. Mutumin dogo ne, yana da tabon ƙuna a bayan hannun dama, yana jin Hausa da Sango da ɗan Larabcin Chadi. Idan ka ɗauke shi, a ina ka sauke shi? Idan binne shi aka yi, wa ya yi masa salla, kuma a wane gefen hanya? Ka faɗa wa kowane direba da ke shigowa Kilomita Biyar daga iyaka, maganar za ta iso ni. Wanda bai tabbata ba ma ya faɗa, ni zan je in duba da kaina.